Zaure: SIWES a ƙungiyar agaji ga ɗalibin da ya manyanta

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan zaure. Magidanci ne ya haura arba'in, yana karatun aikin jarida, lokacin SIWES ya zo, wato zaman koyon aiki da ake tura ɗalibai su yi a wuraren aiki. Wata ƙungiyar tallafa wa marayu a yankin Ringim ta karɓe shi a ɓangaren hulɗa da jama'a. Me za ku ba shi shawara?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Takardu tukuna, Malama. Ya tabbatar ƙungiyar tana da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da hatimi, don logbuk (littafin rubuta aikin kullum) marar hatimi wahala yake jawowa a makaranta. Ya karɓi takardar amincewa mai ranar farawa da sunan wanda zai riƙa duba shi. Fom ɗin SCAF, na shaidar fara aiki, a kai ofishin ITF (hukumar da ke kula da SIWES) da wuri, Fom 8 na rahoton kammalawa kuma sai an gama. Logbuk a cike kullum, a sa hannu duk mako. Wanda ya bari sai ƙarshe ya cike wata shida a dare ɗaya da biro ɗaya, malamin da zai zo dubawa zai gane. Kuma "na je ofis" ba aiki ba ne. Ya rubuta abin da hannunsa ya yi: sanarwa kaza, hira da wane, hoto nawa.

Hajiya Binta: A ƙauye aikin yana farawa daga ƙofar hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa da liman. Aka tsallake ɗaya, taron zai watse ba wanda zai gaya maka dalili. Kada a sa taro ranar kasuwa: Gujungu Lahadi, Shuwarin Litinin, Maigatari Alhamis, duk maza sun tafi. Da damina kuwa sai bayan la'asar. Mata kuma ba a fili ake samunsu ba, mace za ta shiga gida, ko a bi ta Islamiyya da ungozoma.

Auwalu: Ni dai a ganina ya bar wahalar Facebook, rediyo ake ji a karkara. Rediyo Jigawa da Freedom Dutse sun wadatar. Sanarwar minti ɗaya ba ta wuce kalma 150. Jimlar farko ta faɗi waye, mene ne, a ina, yaushe, sannan a maimaita rana da wuri a ƙarshe.

Hajiya Binta: Auwalu, rediyo na mutanen gari ne, amma masu ba da kuɗin suna Kano da Abuja, a waya suke gani. Duka biyun zai yi. Abu ɗaya dai: kada a kuskura a sanar da ranar rabon kaya a rediyo. An tanadi buhu ɗari, mutum dubu su zo, turmutsutsu ya tashi, sunan ƙungiya ya ɓaci. A raba kati ta hannun masu unguwa, labari ya fita bayan an gama.

Malam Garba: Hoto ma haka. Yaro maraya ba a ɗaukarsa sai da yardar mai riƙonsa. A karanta masa takardar da Hausa, a gaya masa inda hoton zai fita, ya sa hannu ko ya dangwala. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi ƙungiyoyi ma. Kada a haɗa fuskar yaro da cikakken sunansa da garinsu. Gara a ɗauke shi yana karatu da a ɗauke shi yana miƙa hannu.

Auwalu: Mai ɗauka ya juya wa rana baya, in ba haka ba fuskoki duk baƙi. A WhatsApp a tura hoto a matsayin fayil, don idan aka tura kai tsaye yana dusashewa, ba ya buguwa a fosta. Ya riƙe batirin caji na hannu.

Malama Hadiza: To batun shekaru fa? Wanda zai duba shi sa'ar ƙaninsa ne.

Hajiya Binta: A ofis ya karɓi gyara, ko saurayin zai ji nauyinsa ya ƙi gyarawa, ya ce masa tun ranar farko "ka gyara min, koyo na zo". Matsalar tana ƙauye. Mutane suna ganin furfura za su ɗauka shi ne shugaba, su zo da koke: rijiya, magani, kuɗin makaranta. Ya ce "in sha Allahu za a yi", sun riƙe shi alkawarin ƙungiya. Amsarsa ita ce "zan isar", ya rubuta sunan mai koken. Ɗan jarida ya tare shi, ya tura shi wurin shugaba. Amma wajen zama da dagaci shekarun nan suna yi masa rana, za a shimfiɗa masa tabarma a saurare shi.

Malam Garba: Tunda mai iyali ne, ya zauna da 'yan ƙungiyar a yanke ranakun zuwa a rubuce, ya tambayi kuɗin mota tun yanzu, ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba sa biyan ko sisi. Duk sanarwar da ya rubuta ya ajiye kwafi, wadda aka karanta a rediyo ya naɗa a waya da kwanan wata, su zai jingina a rahoton da zai kare a makaranta.