Rikicin fuloti: caji ofis ne wurinsa ko kotu?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar masu sani, don tun ranar Talata ban yi barcin kirki ba.

A 2019 na sayi fuloti ɗaya, ƙafa 50 da 50, can bayan Kumbotso, cikin gonakin nan da ake yankawa awon igiya. Naira dubu 850 na biya, ban da la'adar dillali. An yi takardar ciniki, shaidu biyu nawa, biyu na mai sayarwa, mai unguwa ya buga hatimi. Ni tela ne, a hankali nake tarawa. Bana da kuɗin ɗinkin sallah na zuba tifa biyu ta yashi, na buga bulo 600, aka fitar da harsashi.

Ranar Litinin magini ya kira ni yana haki, wai wani mutum ya zo da samari sun ture layi uku na bulo, ya ce filinsa ne, tun 2016 ya saya a hannun yayan wanda ya sayar mini. Ashe gonar ta gado ce, ba a raba ba. Kafin in motsa ya riga ni zuwa caji ofis, ya ce na shigar masa fili. Bayan kanta na kwana. Da safe aka zaunar da mu, kowa ya fito da takardarsa, jami'in ya dubi shekarun ya ce tasa ta girmi tawa, don haka fili nasa ne. Aka sa na rubuta cewa ba zan ƙara taka wurin ba, sannan aka ba da belina. Abin da belin ya ci kuwa, na bar wa Allah.

Abokaina na kasuwa sun ce ni ma in kai ƙara sama, a kamo shi ya ɗanɗana. To shin 'yan sanda ne za su raba mu, ko kotu? Kuma takardar nan da na sa wa hannu, ta kashe ni ke nan?

Barista A.:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Maganarka biyu ce aka cakuɗa, bari in ware maka su.

"Filin wane ne?" Wannan shari'ar haƙƙi ce, wadda muke ce wa sibil, kuma babu ɗan sandan da doka ta ba ikon yanke ta, ko da kwamishina ne. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce ba a kama mutum don saɓanin haƙƙi kawai ko saɓa yarjejeniya. Abin da jami'in nan ya faɗa ra'ayinsa ne. Ko majistare ba shi da hurumin cewa ga mai fili. Takardar da ka rubuta kana tsare ba ta mayar da mallaka hannun kowa ba, amma ka nemi kwafinta, kuma kada ka koma wurin da rigima.

Laifin shiga fili ba izini da aka jingina maka, sashe na 342 na Final Kod, wato kundin dokar laifuka, sai an nuna ka shiga wurin da ke hannun wani da nufin aikata laifi, ko tsorata shi, ko cin mutuncinsa, ko fusata shi. Kai kuwa fili yana hannunka, da yashinka da harsashinka, kana ganin haƙƙinka ne. Ina laifin?

Inda laifi yake shi ne ture bulo. Ɓarna ce, kuma ko da filin nasa ne, doka ba ta yarda mutum ya yi wa kansa hukunci ba. A 1985 gwamnatin soja ta Legas ta kai jami'ai da makamai don fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, Kotun Ƙoli ta yi mata tatas a 1986. Gwamnati ke nan, balle shi da samarinsa. Haka in ya tabbata wanda ya sayar maka ya san an riga an sayar, ya karɓi kuɗinka, wannan cuta ce, 'yan sanda na da ikon bincike. In hatimin bogi ne a takardar wani cikinku, shi ma laifi ne. Sai dai ka riƙe wannan: ko an ɗaure mai laifi, hukuncin ba zai ce fili naka ne ba.

Wace kotu? A nan mutane ke asarar shekaru. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 39, ta keɓe wa Babbar Kotun jiha shari'ar filin da ke ƙarƙashin izinin mallaka na gwamna, kuma filayen yankin da aka ayyana birni ne suke faɗawa nan. Na sha ganin mutum ya ci shari'a a ƙaramar kotu, a ɗaukaka ƙara, a rushe komai don rashin hurumi. Ka fara zuwa KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, a duba matsayin wurin, ka kai safiyo ya fitar maka da zane. In an shigar da ƙara, lauya zai nemi umarnin dakatar da kowa daga taɓa filin har a gama.

Ɗan Sabon Titi:
Barista, da girmamawa, wannan duk karatu ne. Shari'ar fili a Babbar Kotu sai jikoki su gada. Malam, ka ranto kuɗi ka kai gini linta cikin sati biyu, ka zuba mai gadi. Mai gini ba a tashinsa.

Barista A.:
Ana tashinsa, ɗan'uwa. Ƙa'idar ita ce abin da aka gina a kan ƙasa na mai ƙasar ne. In ya faɗi shari'a, ya yi wa wani gini da bashi.

Tsohon Magatakarda:
Yaro, na yi shekaru ina rubuta irin wannan ƙarar, kuma tun daga "gonar gado ce, ba a raba ba" na san inda gizo ke saƙa. Kai da abokin rigimarka kuna ta auna wa ya riga wa, alhali tambayar tana bayanku: wa ya ba yayan izinin sayarwa a 2016, wa ya ba ƙanen a 2019? Magaji ba ya nuna wani ɓangare na gona da yatsa ya ce nan ne nawa kafin a raba. In ya sayar da abin da ya shafi haƙƙin sauran, a mazhabar Malikiyya cinikin yana rataye ne a kan yardarsu. In akwai mata da marayu cikin magadan, kuma kusan kullum akwai, sai ka ga takardun nan biyu duk ba su tsaya ba.

Rabon gado kuwa aikin Kotun Shari'ar Musulunci ne, Barista ba zai musa ba. Ka nemi wani cikin magadan ya nemi a raba. Alƙali zai tara su, a auna gona, a ga fulotinka a kason wa ya faɗa. In kason wanda ya sayar maka ne, ka huta. In ba haka ba, kuɗinka na wuyansa.

Kada wani ya ruɗe ka da maganar hauzi, wato mallakar fili ta daɗewar riƙo. Shekara 10 ake buƙata, mai haƙƙi yana nan, yana gani, ya yi shiru ba uzuri, kuma tsakanin dangi ma ya fi haka tsawo. Kai ba ka kai ba. Shi kuma ko turke bai kafa ba.

Shaidunka biyu suna raye? Ka je ka gaishe su yau.

Maman Sadik:
Baban Khalifa, ni dai abin da ya same ni zan faɗa. Dillali ɗaya ya sayar mana da fuloti ɗaya mu uku. Wata bakwai muna kai juna caji ofis, yau a kira ni, gobe a kira su, har kuɗin adaidaita sahu ya kusa sayen rabin fili, dillali kuma yana yawonsa da sabon babur. Ranar da muka zauna a zaure ɗaya muka jera takardunmu a kan tabarma, muka ga rubutu ɗaya, biro ɗaya, har kuskuren rubuta sunan unguwar iri ɗaya, ranar muka haɗa kai muka kai ƙararsa. Sai ga 'yan'uwansa da kuɗin mutum biyu, wanda ya fara saye ya riƙe fili. Wataƙila mutumin da ya ture maka bulo shi ma cutarsa aka yi.

Baban Khalifa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba Magatakarda, ɗazu bayan la'asar na je wurin mai unguwa. Ya ce magadan su tara ne, mata biyar, kuma babu macen da ta ga ko kobo daga cinikin biyu. Babbarsu tana aure a Gwarzo, gobe zan je da ƙanwata mu same ta. Barista, hoton bulon da aka ture magini ya ɗauka a wayarsa, da fuskokin samarin. In kai ƙarar ɓarnar yanzu, ko in jira a ga yadda rabon zai kasance?