Kajin Maƙwabci da Aka Yi Watsi da Su: A Killace Su ko a Jira Izinin Mai Su?

Mai lambu: Assalamu alaikum. Ra'ayin da nake so a auna shi ne wannan: idan mutum ya saki kajinsa ya daina kula da su, ba ruwa, ba abinci, ba akurkin kwana, to maƙwabcin da suke fakewa a gindin katangarsa yana da damar kama su ya killace ko da bai nemi izini ba. Akwai kaji kusa da ni da ke cikin wannan hali, karnuka sun rage su, shaho ya kwashe 'yan tsakin, kuma da na yi wa mai su magana sai ya ce kaza ita ke kiwon kanta. A ganina wanda ya yi watsi da rai ya zubar da ikonsa a kansa.

Dattijo mai kiwo: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ban yarda da kai ba, domin ka haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Sakin kaza ta yi tono ba sakaci ba ne, kuma wadda ke yawo tana cin ƙwari da tsaba da ɗanyen ganye takan fi ta keji ƙarfin jiki. Idan aka buɗe wannan ƙofa, duk wanda ya ga kazar wani a waje zai ce an yi watsi da ita, ya kai ta gidansa.

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi: Baba yana da gaskiya cewa saki daban, sakaci daban, amma ana iya bambance su da ido, ba sai an dogara da zargi ba. Kazar da ake kula da ita tana da inda take komawa da magariba, domin kaji ba sa gani sosai a duhu, kuma idan sun hau wurin kwana ba sa iya kare kansu, shi ya sa ɓarnar muzuru da tunku da kare takan auku tsakanin faɗuwar rana da wayewar gari. Wadda aka yi watsi da ita za ka ɗauke ta ka ji ƙashin ƙirjinta ya yi tsini, zankonta ya koɗe, ƙuma da ƙwarƙwata sun cika ƙarƙashin fukafukanta, tana shan ruwan kwata don ba ta da wani. Ruwan ne ma ya fi gaggawa. Kaza mai ƙwai tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na abinci a yini, tana shan ruwan da ya kai ninki biyu na wannan nauyi, ya fi haka idan ana zafi, kuma ƙishirwa na kashe ta tun yunwa ba ta kai ga kayar da ita ba. Saboda haka, Malam mai lambu, ajiye kaskon ruwa mai tsabta a inuwa ba ya buƙatar izinin kowa, ka fara shi yau.

Uwargida: Ni ina bayan Malam mai lambu. An yi wa mutumin magana ya ƙi ji, to sai a zuba ido har a cinye ta ƙarshe? Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ai ya ishe mu gargaɗi.

Malamin makaranta: Hajiya, hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi, sai dai a duba lafazinsa da kyau. Laifin matar shi ne ta tsare kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Mai kajin zai iya cewa shi ya sake su, kuma a lokaci guda hadisin yana ɗora nauyi mai girma a kan duk wanda ya kulle dabba, wato a kan mai lambu idan ya killace su sannan ya gaza. Ba na cewa mai kajin ya kuɓuta, domin sakin da ba ya kai dabba ga abinci da tsaro bai sauke nauyi ba. Abin da nake ja a kai shi ne batun mallaka. Hukuncin tsintuwa yana aiki ne a kan abin da ba a san mai shi ba, waɗannan kuwa an san ƙofar gidansu, kuma sakacin mutum da dukiyarsa ba ya mayar da ita ta maƙwabcinsa.

Mai lambu: Allah ya gafarta Malam, ban ce zan mallake su ba. Killacewa nake nufi, ranar da ya zo nema in miƙa masa abinsa.

Malamin makaranta: To ƙwan da za su saka fa, na wa ne? Idan ɗaya ta kwanta a kai, bayan kwana 21 ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin na wa ne? Idan kuma ɗaya ta mutu a akurkinka, da me za ka gamsar da shi cewa ba yanka ta ka yi ba? A dokokin ƙasashe da yawa kaza dukiya ce kamar kowace dukiya, kuma ɗaukarta ba da izini ba na iya zama ƙarar sata komai kyan niyyar wanda ya ɗauka.

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi: Akwai kuma haɗarin da ba a ambata ba. Kajin da ke yawo suna cuɗanya da tsuntsayen daji, kuma ta nan murar tsuntsaye take shiga gidaje. Cutar Newcastle ma, wadda ke murɗe wa kaza wuya ta sa ta zawo, tana iya share garken da ba a yi wa rigakafi ba cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ke da nasa kajin, kada ya haɗa su da baƙi sai ya ware baƙin na kimanin kwana 30, da kaskon ruwansu daban, yana wanke hannu bayan ya taɓa su. Idan an samu izinin gina musu wurin kwana, ragar ta zama mai ƙananan ramuka, kamar santimita ɗaya da 'yan kai, a binne gindinta a ƙasa don masu tono, a rufe sama, a sa sandar hawa. Sai an tsare su a ciki na wasu kwanaki kafin su saba da komawa da kansu. Mai lambu kuma ya kiyaye maganin ɓera da na feshi, domin kaza na tsince su, ko ta ci ƙwaron da ya mutu da guba.

Dattijo mai kiwo: Abin da zan ƙara, ɗana, shi ne ka sake komawa wurinsa da tayi, kada ka je da ƙorafi. Sau da yawa rashin lafiya ko rashin hali ko tafiya ne ke sa mutum ya saki dabbarsa, kunya kuma ta sa ya ba da amsar da ya ba ka. Ka ce masa ko ya sayar maka, ko ya ba ka riƙo ku raba abin da aka samu, ko ka taya shi gyara akurki a gidansa. Ka tafi da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, abin da kuka amince a kai ya zama da shaida.

Uwargida: Baba, idan ya ƙi duka ukun fa? Wannan ita ce tambayar, kuma har yanzu ba a amsa ta ba.

Malamin makaranta: Sai a kai maganar ga wanda ke da ikon da maƙwabci ba shi da shi, shugaban unguwa ko jami'an kula da dabbobi, tare da hotunan halin da kajin ke ciki. Abin da na yarda da shi ba tare da izini ba shi ne ceton gaggawa, kamar kazar da kare ya ji wa rauni, a ɗauke ta a yi mata magani, a sanar da mai ita a ranar.

Uwargida: Ni dai ban ga bambanci mai yawa ba tsakanin wadda kare ya riga ya ciza da wadda kowa ya san zai ciza a daren yau. Ko kwana kaɗai ne a bar su su yi a rumfar mai lambu, a buɗe musu da safe, a aika wa mai su saƙo cewa ga inda suke.

Dattijo mai kiwo: Idan su suka shiga da ƙafarsu, aka kuma sanar da shi, ba zan ja da wannan ba. Kamawa da hannu a ɗaure, wannan ne ban yarda da shi ba har yanzu.