Wane ne babba a cikin ikilisiya?

Wannan tambaya muka zauna a kai a nazarin Littafi Mai Tsarki, ita ce kuwa wadda almajirai suka yi ta gardama a kanta a hanyar Kafarnahum, cikin Markus sura 9. Amsar Yesu ba kwana-kwana: mai son zama na farko sai ya zama na ƙarshe, baran kowa.

Shawarar da ta fi shiga raina ta fito ne daga bakin wata uwa ta zumuntar mata. Ta ce a fara da aikin da ba mai gani: share majami'a kafin jama'a su iso, wanke tukwane bayan taro, kai wa gwauruwa itacen girki ba tare da an sanar daga bagade ba. Idan sai an ambaci sunanka kake jin daɗin hidima, in ji ta, ka binciki zuciyarka.

An daɗe a kan Yohanna sura 13, inda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da Yahuza. Wani dattijo ya tuna mana cewa 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta samo tushe daga garin Garkida a 1923, suna wanke wa juna ƙafafu har yau a bikin ƙauna, wato taron cin abinci tare da karɓar Jibin Ubangiji.

Wani matashi ya ja kunne cewa tawali'u ba ya nufin kame baki a gaban zalunci, kuma na yarda da shi ƙwarai. Ga shugabanni kuma, an ce su riƙa karɓar gyara daga na ƙasa da su, su daina jiran a ɗaukar musu jaka.