Tsufa da rashi a Legas: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar tattaunawarmu kan iyayenmu da suka tsufa a nan Ikko.

1. Kusan kowa ya yarda cewa wanda ya rasu a Agege ko Idi-Araba, a yi masa sutura a nan. Gaggauta jana'iza sunna ce, kuma kai gawa Kano, tafiyar kilomita kusan 1,000, wahala ce.

2. Inda aka rabu shi ne komawar tsoho gida. Wasu sun ce a mayar da shi cikin dangi tun da sauran ƙarfinsa. Wasu suka ce dattijon da ya shekara 40 a kasuwar Mile 12, masallacinsa da abokan hirarsa duk suna nan, can kuwa tsaransa sun ƙare, kaɗaici zai dame shi. Ni ma nan na karkata, amma don Allah a tambaye shi, kada 'ya'ya su yanke masa.

3. Takaba wata 4 da kwana 10 ce. Mata sun koka cewa bayan kwana 3 kowa ya koma nema, a bar mai takaba da marayu da kuɗin haya. An roƙi maƙwabta su riƙa leƙa ta.

4. Sadakar bakwai da arba'in: ba a daidaita ba, an ce kowa ya tuntuɓi malaminsa.