Wane suna za mu raɗa wa bacteriophage? Gobe nake ɗaukar shiri

Mai Shirin Kiwo: Assalamu alaikum malamaina. Gobe Alhamis ƙarfe goma na safe zan ɗauki shirin makiyaya, kan wata hanyar maganin zawon maruƙa da farin kashin 'yan tsaki da Turawa ke kira phage therapy. Abin da ake maganin da shi sunansa bacteriophage, bairos ne wanda ba ruwansa da dabba ko mutum, bakteriya kaɗai yake kamawa. Na rubuta "ƙwayar cuta mai kashe ƙwayar cuta", na karanta wa mahaifiyata, ta ce to wace ce ta kashe wace? Kalmar kuwa za ta fito ya fi sau ashirin cikin minti goma sha biyar. A taimaka.

Ɗan Fagge: Feji. An gama.

Mai Shirin Kiwo: Yaya, feji ai an riga an ba shafin Facebook. In na ce a zuba wa kaji feji a ruwa, dariya za a yi mini.

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam. Sunan da kansa ya fassara kansa. Félix d'Hérelle ne ya raɗa shi a 1917 a cibiyar Pasteur da ke Paris, ma'anarsa mai cin bakteriya. Bature ɗan Ingila Frederick Twort ya riga shi ganin abin a 1915. Ni sai in ce macin bakteriya. Ki kuma gaya wa masu sauraro cewa tun 1919 d'Hérelle ya gwada shi a kan kaji masu taifot ɗin kaji a karkarar Faransa, tun kafin a gano fanisilin a 1928. Ba sabon abu ba ne.

Malamin Hausa: Likita, ba macin ba ne. Maci amana muke cewa, masha ruwa, maji daɗi, maga takarda. Babu -n a wannan gini. Amma wannan ƙaramin laifi ne. Babban shi ne kun ɗauko bakteriya kun liƙa wa kalmar Hausa, kamar an ɗaura wa doki sirdin babur. Ina da kalma, kuma na daɗe ina ajiye da ita: kaucin cuta. Kauci ba ya tsirowa a ƙasa, sai a jikin wata bishiya, a nan yake ci, a nan yake sha, har ya kassara ta. Ba haka abin naku yake ba? Duk makiyayin da ya taɓa ɗaga kai ya dubi kaɗanya ko ɗorawa ya san kauci. Ba sai an yi masa lacca ba.

Hajiya Mai Kaji: Allah ya gafarta Malam, in ta ce kauci a rediyo, jibi mata za su cika wurin 'yan magori suna neman kauci a jiƙa wa kaji. Ni na san mutanena. Bara na zuba 'yan tsaki ɗari uku, kwana biyar sai ga farin kashi ya daskare musu a gindi, fukafukai a sake, sun cunkushe jikin tukunyar garwashi suna ta tsiwa. Mai shagon magani ya ba ni gari mai ruwan ɗorawa, bai yi ba, ya canza mini wani, shi ma bai yi ba. Kullum da asuba sai na kwashe gawa a bokiti. A lokacin ko tokar murhu aka ce mini magani ce zan ba su. Don Allah ku sa sunan da ba za a same shi a kasuwa da wata ma'ana ba. Likita, wannan abin a ina ake sayensa?

Likitan Dabbobi: Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Ba abin da za ki shiga shagon unguwa ki ce a auna miki ba ne, kuma ƙanwata ki faɗi haka ƙarara a shirin. Dalili shi ne kowane irinsa yana da bakteriyar da yake kamawa. Wanda ke kashe wani nau'in Salmonella yana iya wuce wani nau'in bai ko kalle shi ba, shi ya sa ake fara gano mai laifin a ɗakin gwaji, ko a haɗa iri da yawa wuri guda. Kyawunsa ke nan kuma, don ba ya share bakteriya masu amfani na hanji yadda maganin antibayotik ke yi. Tsamin ciki yana lalata shi kafin ya kai hanji in ba a kare shi ba, kuma ita ma bakteriyar tana iya zama ta gagare shi. A 1983 Williams Smith da Huggins a Ingila sun nuna yana maganin zawon E. coli a maruƙa da 'yan raguna da 'yan aladu. A Tbilisi ta ƙasar Jojiya akwai cibiyar Eliava tun 1923, ba su taɓa barin aikin ba. Kashin jinin kaji kuwa kada wanda ya sa rai, wannan galibi ba bakteriya ke kawo shi ba.

Malam, kauci kuma bai cika ba. Shi wannan yana maƙalewa a jikin bakteriya, ya tsiyaya mata ƙwayar halittarsa, ta koma tana ƙera masa 'ya'ya, sannan ta fashe su fito su nemi wata.

Ɗan Fagge: To fasa-ƙwaya mana, kamar fasa-ƙwauri.

Hajiya Mai Kaji: Sai hukumar hana shan ƙwaya ta zo ta kwashe mu duka.

Ɗan Maraɗi: Mu nan faj muke ji wurin lokotoro. Wanda ya raɗa sunan da Faransanci ya rubuta, saboda haka lafazinmu ne na asali. Ku ku ɗauko namu, ba kullum mu ne za mu bi Kano ba.

Malamin Hausa: Faj! Kalmar Hausa da ke ƙarewa da j, a ina aka taɓa ji? Mutanen da ke ce wa makaranta lakwal, malami kuma mushe, su ne za su koya mana tsarkin harshe?

Ɗan Maraɗi: Ranka ya daɗe, da alli ka koyar a firamare, ka karɓi fansho a banki. Hausar da ta rage a bakin tsoffinmu ku a ƙamus kuke nemanta. In j ce ta dame ka, hwaji za mu ce, mu ba ma ma bukatar f ɗinku.

Malamin Hausa: Abin da nake faɗa shekara da shekaru ke nan. Mun ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, 'yan jarida suka yi kasala suka koma kwamfuta. Amma shan inna fa? Ƙanjamau fa? Ba su zauna daram ba? Kalma tana zama ne in masu makirufo sun daure sun maimaita ta. Ke 'yata, ki ce kaucin cuta sati huɗu a jere ki gani.

Likitan Dabbobi: Malam, asibiti da likita da allura duk baƙi ne, sun zauna har sun yi jikoki. Bakteriya ma yaran sakandare sun san ta. Ni damuwata ɗaya: kada a ce rigakafi. Masu kaji sun saba da Lasota da Gumboro da alluran da ake kawowa daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, za su ɗauka wani sabo ne a cikin jerin. Wannan magani ne, ba horar da garkuwar jiki yake ba.

Mai Shirin Kiwo: Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ban rubuta ko rabi ba. Ga abin da zan yi. Zan faɗi sunan Turancin sau ɗaya, in bayyana bambancin bakteriya da bairos, daga nan sai maci-bakteriya, ba -n, yadda Baba Malam ya gyara. Hanyar kuma in ce magani da maci-bakteriya. Jam'in ne ya tsaya mini, na gwada maciya-bakteriya da ƙarfi, ƙanena ya leƙo yana tambaya ina macijin.

Hajiya Mai Kaji: Ki ce masu cin bakteriya ki huta.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba. Amma tunda kun haɗe mini kai, ku je. Sharaɗi ɗaya: wajen bayani ki kawo misalin kauci, ko sau ɗaya ne.

Mai Shirin Kiwo: Zan kawo, Baba, amma zan ƙara da cewa kada kowa ya jiƙa wa kaji.

Ɗan Maraɗi: Mu dai faj ne har gobe. Wane mita ake kama ku? In ji yadda za ki furta d'Hérelle.