Aiki ya tsaya: in kama rubutu kan gine-ginen Kano ko in nemi jari?

Akitek Ɗorayi: Salamu alaikum. Kamfaninmu ya sallame mu tun da siminti ya haura dubu 10 a farkon 2024, kwangila ta ɗauke. Zaman gida na neman taɓa min kai. Ina so in riƙa zaga cikin birni ina ɗaukar hoton soraye, zanko (ƙahonnin saman soro) da ɗaurin guga (rufin ɗaki mai baka), in yi bayaninsu a Facebook, daga Gidan Makama zuwa Gidan Ɗan Hausa. Wa ya taɓa gwadawa? Yana kawo aiki?

Ɗan Ƙofar Ruwa: Malam, zo ka kama shagon tayil, kasuwa ba ta ƙin kowa.

Maman Ilham: Ni ma akitek ce, na yi bayan an rufe ofishinmu. Rubutun da na yi kan Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 ya zaga sosai, kuma gaskiya ya cire min ƙunci. Amma wani Alhaji ya gani, ya kira ni, na zana masa gida mai hawa ɗaya, har da zaure da tsakar gida yadda iska za ta ratsa. Ya ce zai nuna wa iyali. Shiru. Wata rana ina wucewa ta Ɗanbare sai ga gidan nan tsaye, tagogin ma inda na sa su. Ko sisi. Na yi kuka a cikin adaidaita.

Baba Magini: Allah Ya saka miki, 'yata. Nawa kika yanka masa?

Maman Ilham: Dubu 300, Baba.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Kai! Yara na bugawa a kwamfuta dubu 25.

Injiniya Sharaɗa: Dubu 60 na gani. Amma mai tayil ba shi da ta cewa a nan, a bar masu rajistar ARCON, hukumar rajistar akitek ta ƙasa, su yi magana.

Baba Magini: Ɗana, waɗanda suka ɗora ganuwa zamanin Sarki Gijimasu da tubali, wace rajista gare su?

Ɗan Ƙofar Ruwa: Baba, kai ka yi musu leburanci ke nan! 😂

Injiniya Sharaɗa: Ginin ƙasa daban, dakin na kankare daban. Yau birkila ke rage rodi, mai gida na murna ya samu sauƙi, in ya rufta a ce injiniya.

Akitek Ɗorayi: Hajiya, kin ci gaba da rubutun?

Baba Magini: Wa ke rage rodin, Injiniya? Mu ko ɗan kwangilar da ke kawo mai milimita 10 a ce 12?