Neman shawara: hitsink ɗin da aka manna da gam ya ƙi fita daga jikin bod

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na tara matattun bod (faifan nan da ake jera ƙananan kayan lantarki a kai) na kwamfuta da na talabijin kusan buhu biyu, ina so in ware alminiyam daban kafin in kai sikeli. Hitsink, wato ƙarfen alminiyam ɗin nan da ke kwashe zafi daga kayan bod, masu noti da masu kilif ba su ba ni wahala ba, waɗanda aka manna da gam ne suka hana ni sakat. Jiya na cusa sukundireba a ƙarƙashin wani na danna, sai na ji ƙas! Ya taso har da cif ɗin da yake kai (ɗan falankin lantarkin nan da ke like a jikin bod), bod ya tsage, sukundireba ta zame ta yanke ni a tafin hannu. Wani ya ce in ɗora su a wuta kawai gam ya narke. Masu sana'a, yaya kuke yi?

Wani mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Sannu da hannu, Allah ya ƙara sauƙi. Malam, fara juya bod ɗin ka duba bayansa. Sau da yawa ba gam ne ya riƙe ba, ƙafafu biyu ne da aka like da dalma, ko 'yan ƙusoshin roba da ake matsewa da filaya su fice.

In kuwa gam ne, ba iri ɗaya ba ne. Akwai farin man nan da ya bushe, akwai salatif mai manne fuska biyu, akwai ifoksi mai tauri kamar dutse. Biyun farko zafi kaɗan suke so. Hura wa alminiyam ɗin iska mai zafi kamar minti ɗaya, ko handiraya, abin busar da gashi, ma ta isa, sannan ka kama da filaya ka murɗa hagu da dama. Murɗawa fa, ba ɗagawa ba. Ɗagawar ce ta ɓalle maka cif jiya. In ya yi gardama, ɗiga sifirit a gefen, ka ba shi lokaci ya shiga, ko ka zura zaren kamun kifi tsakani kana ja kamar zarto. Amma kashe abin hura zafin kafin ka taɓa sifirit.

Wata mamba:
Don Allah ɗan uwa ka bar maganar wuta. Dalmar tsofaffin bod tana narkewa tun a digiri 183, kuma akwai ƙarfe mai guba a ciki. Shi kansa bod ɗin an zuba masa sinadarin hana kama wuta, in ya ƙone hayaƙinsa guba ne gare ka da duk wanda ke kusa. Ga kafasito, 'yan gwangwanayen nan masu ajiye lantarki, da ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, fashewa suke yi in sun ji zafi. Cire batirin tun farko, ka sa safar hannu da tabarau.

Wani mamba:
Ni ifoksi sanyi nake ba shi. In sa bod a leda in ɗaure, ya kwana a firiza, wadda ba ta abinci ba. Alminiyam ya fi cif tsukewa in ya sha sanyi, gam ɗin kuma ya yi gautsi. Da safe in kwantar da bod a kan katako, in ɗora guntun ice a gefen hitsink, in buga da guduma sau ɗaya, ta gefe ba ta sama ba. Yawanci tsalle yake yi ya faɗi. Ba kullum ba, gaskiya, wani da cif ɗinsa yake tahowa.

Wani dattijo a harkar:
Yaro, duk sun faɗa maka daidai, amma ka tambayi mai sayen bod ɗinka tukuna? Cif ɗin da ke ƙarƙashin hitsink yana cikin abin da ke ba bod daraja, saboda 'yan siraran wayoyin zinare da ke cikin irinsu da yawa. Ka ɓalle shi, an sauke maka bod zuwa ƙaramin aji, ka yi asarar babba garin neman ƙarami. 'Yan ƙananan nan kamar akwatin ashana ni ba na ɓata lokaci a kansu. Manya nake cirewa, tunda nauyinsu ne ke sa mai saye ya rage.

Kuma kada ka zuba su buhu ɗaya. Wanda ka ji ya yi nauyi fiye da girmansa, goga masa fayil. In ja ya leƙo, jan ƙarfe ne aka shafe da nikel, ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau uku. Bi sauran da maganaɗisu ka tsince noti da kilif, don alminiyam ba ya kamawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Baba, na gode 'yan uwa. Na gwada handiraya yanzu, bakwai sun fita da murɗawa kawai, ashe salatif ne. Uku sun ƙi ko motsi, na ɗaure su a leda sai gobe. Ragowar gam ɗin da ke jikin alminiyam fa, sai na kankare?

Dattijon:
In ɗan shafi ne, bar shi. In salatif ne mai kauri, bi shi da wuƙar fenti tun yana da ɗumi.